Gunpei Yokoi: Mai gyaran injin da ya sanya wa yaran duniya gem a aljihu

Ina aji huɗu a firamare a Sandamu wani yayana da ke karatu a Kano ya dawo hutu da wata tsohuwar mujallar Turanci da ya saya wurin masu tsofaffin littattafai. Bangonta ya yage, amma sunanta na nan a ciki: Nintendo Power. Ba mu iya karanta ta ba, hotuna kawai muke bi. Mu kan haɗa kai a zaure mu biyar ko shida, muna bin taswirar wasanni da yatsa kamar mun taɓa buga su. Abin da muke da shi a lokacin shi ne ɗan gem ɗin nan na jera bulo, mai batir biyu, wanda ake saye a kasuwar Daura.

Sai da na girma na gane cewa kamfanin Nintendo ne da kansa ya kafa mujallar a Amurka a 1988, kuma an daina buga ta a 2012. Wato rabinta talla ce. Ban ga laifinta ba, domin ta yi mana rana. Abin da kawai na riƙe ta da shi shi ne ta nuna mana wasanni da na'urori kala-kala, amma a kwafin da ya zo hannunmu ban tuna na ga fuskar ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙera su ba. Shi ya sa yau na ɗauko tarihin ɗaya daga cikinsu, Gunpei Yokoi.

An haifi Yokoi a birnin Kyoto na ƙasar Japan ranar 10 ga Satumba, 1941. Ya karanci fannin lantarki a Jami'ar Doshisha, ya kama aiki da Nintendo a 1965. Kar ka ɗauka wani babban kamfanin fasaha ne a lokacin. Tun kafuwarsa a 1889 sana'arsa ita ce buga karta, musamman wata mai zanen furanni da ake kira hanafuda. Aikin da aka ba Yokoi shi ne kula da injinan da ke buga kartar, in sun lalace ya gyara.

Aikin ba ya cin lokaci sosai, don haka ya riƙa ƙera 'yan abubuwan wasa don ɗebe kewa. Wata rana a 1966 shugaban kamfanin, Hiroshi Yamauchi, ya gan shi da wani hannu da ya haɗa, wanda ke miƙewa ya cafko abu daga nesa. A wani wurin da takardar gargaɗi za a ba shi. Shi kuwa Yamauchi sai ya umarce shi da ya gyara abin a kai kasuwa. Aka sa masa suna Ultra Hand, aka sayar da fiye da miliyan ɗaya. Daga nan mai gyaran inji ya koma mai ƙirƙira, ya yi ta fito da kayan wasa, har da wata bindigar haske da suka haɗa da Masayuki Uemura, mutumin da daga baya ya jagoranci ƙera na'urar Famicom.

Labarin da aka fi sani game da shi ya faru ne a jirgin ƙasa. Ya ga wani ma'aikaci da zaman tafiya ya ishe shi, yana ta danna kalkuleta don kashe lokaci. Sai tunani ya zo masa: me zai hana a yi ɗan abin wasa da zai shiga aljihu? A lokacin gilashin kalkuleta ya yi araha saboda kamfanoni sun cika kasuwa da shi. Da wannan gilashin ya haɗa Game & Watch, wanda ya fito a 1980, gem ne kuma agogo ne. An sayar da fiye da miliyan 43. A kan ɗaya daga cikinsu, na Donkey Kong da ya fito a 1982, ya sanya maɓallin nan mai kusurwa huɗu na sama, ƙasa, hagu da dama. Duba hannun gem ɗin da ke gidan wasan unguwarku, za ka ga jikan wannan maɓalli.

Yokoi ne kuma ya kula da wani matashi mai zane, Shigeru Miyamoto, lokacin da yake haɗa Donkey Kong na farko a 1981, wasan da Mario ya fara bayyana a cikinsa. Sashen da yake shugabanta ne ya fitar da Metroid da Kid Icarus a 1986.

Aƙidarsa a aiki mai sauƙi ce. Bai yarda da rige-rigen sabuwar fasaha mai tsada ba. Ya fi son wadda ta kwana biyu, kowa ya san halinta, kuɗinta ya sauko, sai a nemo mata wani sabon amfani da ba wanda ya yi tunaninsa. Game Boy, wanda ya fito a Japan ranar 21 ga Afrilu, 1989, shi ne babbar shaidar wannan. Gilashinsa ba kala, kore-kore ne kawai, ba ya ma da fitila a ciki. Abokan hamayyarsa, Lynx na Atari da Game Gear na Sega, sun zo da kala rangaɗau, irin abin da ke ƙawata shafin mujalla. Amma fa batir shida suke ci, su ƙare cikin 'yan awanni. Game Boy batir huɗu ne, kuma sai ka yi ta bugawa ka gaji bai mutu ba. Ga araha, ga jure faɗuwa. Da aka haɗa shi da Tetris, wasan jera bulo da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Tarayyar Sobiyet, sai kasuwa ta buɗe. Shi da ƙanensa Game Boy Color an sayar da fiye da miliyan 118.

Duk wanda ya tashi a garin da wuta ke zuwa yau ta ɗauke kwana uku ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Mu da muke cije batir da haƙori ko mu shanya shi a rana wai don ya ƙara ƙarfi, mun san abin da ya fi muhimmanci tsakanin kala da daɗewar batir. Ɗan gem ɗinmu na bulo ba na Nintendo ba ne, kwaikwayo ne mai araha, amma a kan sawun Yokoi aka yi shi.

To, ba kullum ake kwana a gado ba. A 1995 aka fitar da Virtual Boy, na'urar da ake leƙawa da ido biyu a ga hoto kamar mai zurfi. Ja da baƙi kawai take nunawa, masu wasa suka riƙa kukan ciwon kai da gajiyar ido, ga shi wasanninta kaɗan ne. Ko miliyan ɗaya ba a sayar ba, kafin shekara ta zagayo an daina ƙera ta. A watan Agustan 1996 Yokoi ya bar Nintendo bayan shekara 31. Nan take labari ya bazu cewa faɗuwar Virtual Boy ce ta fitar da shi. Amma an san cewa tun da farko ya yi niyyar ajiye aiki in ya kai shekara 50, jinkiri kawai ya yi, kuma bai tafi ba sai da ya kammala Game Boy Pocket, wanda ya karɓu sosai.

A matsayina na mai koyon aikin jarida, wannan wurin ya fi tsaya mini a rai. Mutum ya yi shekara 30 yana fito da abin da ake rububi, ya yi tuntuɓe sau ɗaya, sai tuntuɓen ya zama kanun labarinsa. Mu ma haka muke yi a Facebook kullum, kuma ba ma tsayawa mu tambaya.

Bayan barinsa ya kafa nasa kamfanin mai suna Koto, ya fara aiki da Bandai a kan wata sabuwar na'urar hannu, WonderSwan. Bai ga fitowarta ba. Ranar 4 ga Oktoba, 1997, motar da yake ciki ta yi ƙaramin haɗari a babban titin Hokuriku, a yankin Ishikawa. Ya fito don duba ɓarnar, wata mota ta buge shi, ya rasu yana da shekara 56. WonderSwan ta fito a 1999, tare da wani wasa da aka sa wa suna Gunpey don tunawa da shi. A 2003 taron masu haɗa wasannin kwamfuta na shekara-shekara a Amurka ya karrama shi da lambar yabo ta aikin rayuwa.

Yawancinmu muna cewa rashin kayan aiki ne ya hana mu motsi: babu sabuwar kwamfuta, babu wuta, data ta yi tsada. Gaskiya ne, ba na musu. Amma ina kallon yaran da ke gyaran waya a bakin tasha, da masu haɗa fitila da fanka daga tsohon batir da ɗan faifan sola, sai in ga irin aikin da Yokoi ya fara da shi ne. Bambancin shi ne shi ya samu maigidan da ya ga abin hannunsa ya ce a kai kasuwa. Namu yaran sau da yawa tsawa suke sha, a ce su bar wasa da tarkace. Idan kana da ƙane irin wannan a gida, don Allah kafin ka zubar masa da wayoyinsa, zauna ka tambaye shi me yake haɗawa.

Ita kuwa mujallar, ba ta daɗe ba. Muna makaranta wata rana aka yage shafukanta aka naɗe ƙosai da su.