Usman Nagogo

Alhaji Sa Usman Nagogo ɗan Muhammadu Dikko (an haife shi a shekarar 1905, ya rasu ranar 18 ga Maris, 1981) shi ne Sarkin Katsina daga shekarar 1944 har zuwa rasuwarsa, kuma sarki na biyu daga gidan Sulluɓawa. Ya yi kusan shekara 37 a gadon sarauta, ya ga zamanin Turawa, da Jamhuriya ta Farko, da mulkin soja, da farkon Jamhuriya ta Biyu. Ban da sarauta da siyasa, ya yi suna a wasan ƙwallon dawaki, wato folo, inda ya kai matsayi na 7 a ma'aunin gwanintar 'yan wasa. Har yanzu da wannan matsayi masu bin wasan a Najeriya suke kafa misali.

Asali da karatu

An haifi Usman a birnin Katsina shekara guda kafin mahaifinsa ya zama sarki. A lokacin Muhammadu Dikko yana riƙe da sarautar Durɓi. A 1906 Turawa suka tuɓe Sarki Yero na gidan Dallazawa, gidan da ke mulkin Katsina tun zamanin Ummarun Dallaje bayan jihadin Shehu Usmanu, suka naɗa Dikko. Don haka Usman ya taso ne a gidan da sarautar ƙasa ta shigo sabuwa, kuma idon jama'a da na Turawa duk yana kansa.

Ya fara karatun Alƙur'ani da na addini a hannun Malam Attahiru. A 1921 ya shiga makarantar lardi ta Katsina, amma karatun ya tsaya na ɗan lokaci saboda ya raka mahaifinsa Ingila, inda suka gana da Sarki George na Biyar. Ya kammala makarantar a 1923.

A 1929 aka ba shi shugabancin 'yan dokan En'e ta Katsina. A 1937 ya zama Magajin Gari, wato hakimin birnin Katsina. Waɗannan muƙamai biyu su suka sa ya san birnin ciki da bai, kuma a cikin shekarun nan ne, yana da ƙarfinsa, sunansa ya fito a filin folo.

Yadda folo ya shigo Katsina

Folo tsohon wasa ne da ya samo asali a ƙasar Farisa da tsakiyar Asiya. Sojojin Ingila sun tarar da shi a Manipur ta ƙasar Indiya a tsakiyar ƙarni na 19, suka tsara masa dokoki, suka yaɗa shi zuwa duk inda suka yi mulki. A Najeriya ma hafsoshin soja da jami'an mulki ne suka fara bugawa. Kulob ɗin Legas ya samo tushe tun 1904, sannan Kaduna ta zama cibiyar wasan a Arewa, kuma a can ake fafata gasar kofin Georgian, wanda tarihinsa ke komawa zuwa 1919.

Da farko wasan na Turawa ne su kaɗai, 'yan ƙasa sai dai kiwon dawaki da riƙe linzami. Sarki Dikko ne ya sauya wannan a Katsina a shekarun 1920, da ya sa 'ya'yansa da fadawansa suka koyi wasan. Abin bai zo musu baƙo ƙwarai ba. Katsina ƙasar dawaki ce tun zamanin yaƙe-yaƙe da Gobir da Maraɗi, kuma bayan zuwan Turawa dawakin sarakuna sun rasa aikinsu na asali, ya rage hawan sallah da sukuwa. Wanda ya saba yin jahi a gaban sarki, ya sako doki a guje sannan ya tsayar da shi cak, ya riga ya iya rabin abin da folo yake buƙata. Sauran rabin shi ne sanda da ƙwallo, da sauya sirdin gargajiya mai tudu gaba da baya da sirdin Turawa wanda ke barin mahayi ya miƙe a kan likkafa ya karkata jiki.

Nagogo a fili

Kafin a fahimci abin da matsayi na 7 yake nufi sai an san tsarin wasan. Mutum huɗu ne a kowane ɓangare. Filin yana da tsawon yadi 300 da faɗin yadi 160, wato ya ninka filin ƙwallon ƙafa sau da yawa. Ana raba wasa zango-zango, kowane zango kimanin minti bakwai, kuma ana sauya doki tsakanin zango da zango domin babu dokin da zai jure gudun daga farko har ƙarshe. Da hannun dama kaɗai ake riƙe sanda, ko da mutum bahago ne, don kada mahaya biyu su yi karo gaba da gaba. Babbar dokar wasan ita ce ta layin ƙwallo: wanda ke bin layin da ƙwallo ta bi shi ke da hanya, kuma yanke masa gaba laifi ne, saboda a nan ake karya wuya.

Kowane ɗan wasa yana da lamba ta gwaninta, daga 2 ƙasa da sifiri zuwa 10. Ba yawan ƙwallon da mutum ya ci ake ƙirgawa ba. Kwamiti ne na hukumar wasan ke zama ya duba hawan mutum, da bugunsa, da yadda yake karanta wasa, da ingancin dawakinsa, sannan ya yanke masa lamba. Ana tara lambobin mutum huɗun a sami ƙarfin ƙungiya, kuma a gasa da yawa ƙungiyar da ta fi rauni takan fara wasa da rarar ƙwallaye. Mafi yawan masu buga folo a duniya ba sa wuce 2. Daga 5 zuwa sama yawanci sai waɗanda wasan ya zama musu sana'a, kuma masu 10 'yan ƙalilan ne, galibinsu 'yan Ajantina.

Nagogo ya kai 7 ba tare da folo ya zama sana'arsa ba, yana kuma riƙe da aikin hukuma. Ya kai ne a kan dawakin gida, waɗanda ake ciyarwa da dawa da harawa da kanwa, tun kafin a fara shigo da dawakin Ajantina da suka cika filayen Kaduna da Legas daga baya. Ƙungiyar Katsina, wadda 'yan gidan sarauta suka fi yawa a cikinta, ta sha ɗaukar kofin Georgian a gaban ƙungiyoyin hafsoshin Turawa. A zamanin da ɗan ƙasa ba ya shiga kulob ɗin Turawa sai da gayyata, filin folo na cikin wurare kaɗan da za a ga ɗan Katsina ya bangaji Bature kafaɗa da kafaɗa, ya ƙwace masa ƙwallo, kuma doka ta ba shi gaskiya.

An daɗe ana rubuta cewa lambarsa ita ce mafi girma da wani ɗan Afirka ya taɓa samu. Wannan magana tana buƙatar gyara, domin Afirka ta Kudu ta fitar da ƙwararrun 'yan wasa da suka wuce 7. Abin da masu bin wasan a Najeriya suka fi tsayawa a kai shi ne babu ɗan ƙasar nan da ya kamo shi. Ko a nan ma gardama ba ta ƙarewa, tunda lambar hukuncin kwamiti ce, kuma kwamitin shekarun 1930 da 1940 ba shi ne na yau ba, dawakin ma ba ɗaya ba ne. Mai karatu zai iya zaton an yi wa sarki kara ne. Sai dai ƙuruciyar wasansa ta zo ne kafin ya hau gado, kuma lamba mai yawa nauyi ce a kan ƙungiya, domin ita ke sa a ba abokan karawa rara. Ɗan wasan da aka ɗora wa 7 alhali bai kai ba, ƙungiyarsa ce za ta riƙa shan kashi.

Daga baya ya zama shugaban Ƙungiyar Folo ta Najeriya na tsawon rai, ya kuma shugabanci ƙungiyar sukuwar dawaki ta ƙasa.

Sarauta

Sarki Dikko ya rasu a farkon 1944. Gwamnan Najeriya, Sa Arthur Richards, shi ya ba Usman Nagogo sandar mulki a ranar 19 ga Mayu na wannan shekara. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kuma dubban 'yan Arewa suna cikin rundunoni na 81 da 82 na Afirka ta Yamma da ke yaƙi da Japan a Bama. Sabon sarkin ya yi tafiya zuwa Ingila da Masar da Indiya da Bama, inda ya ziyarci waɗannan sojoji. Ga sojan da ya baro ƙauyensa a ƙasar Katsina ko Daura ya daɗe a dajin Asiya, ganin sarki da rawaninsa ba ƙaramin abu ba ne, kuma Turawa sun san haka lokacin da suka shirya tafiyar.

A 1952, ƙarƙashin tsarin mulkin Macpherson, ya zama minista maras ma'aikata. Ya ci gaba da riƙe irin wannan kujera a gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello har zuwa juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966. Wannan kusanci da gwamnatin NPC ya sa shi, kamar sauran manyan sarakuna, cikin waɗanda 'yan NEPU ke suka, musamman kan yadda ake amfani da 'yan doka da kotunan alƙalai a kan 'yan adawa. Gwamnatin Ingila ta ba shi lambar CBE a 1948, da ta KBE a 1962, wadda ta ba shi laƙabin Sa. Mamman Sarkin Taushin Katsina shi ne babban makaɗin fadarsa.

Rabin mulkinsa na biyu ya zo daidai da raguwar ikon sarakuna. Bayan 1966 gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa abin da ya rage, sarakuna suka koma masu ba da shawara. Mutumin da ya fara aiki da shugabancin 'yan doka ya rayu har ya ga an shafe rundunar baki ɗaya.

Iyali

Biyu daga cikin 'ya'yansa sun fi shahara. Muhammadu Kabir Usman ya gaje shi a 1981, ya yi sarauta har 2008, sannan ɗansa Abdulmumini Kabir Usman ya hau. Manjo Janar Hassan Usman Katsina (1933 zuwa 1995), Ciroman Katsina, wanda ya yi karatun soja a Sandhurst, shi Janar Aguiyi-Ironsi ya naɗa gwamnan soja na Jihar Arewa a Janairun 1966. Wato juyin mulkin da ya raba uba da kujerar minista shi ya ɗora ɗan a kan mulkin Arewa gaba ɗaya. Hassan ya zama hafsan hafsoshin sojan ƙasa a 1968, lokacin yaƙin basasa. Shi da Kabir da Abdulmumini duk sun buga folo, ta yadda wasan ya bi gidan har tsatso huɗu idan aka fara ƙirga daga Dikko.

Rasuwa

Usman Nagogo ya rasu ranar 18 ga Maris, 1981, yana da shekara kusan 76. A lokacin Katsina tana cikin Jihar Kaduna, domin sai a 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina daga masarautun Katsina da Daura. Ga masarauta, an yi rashin sarki na biyu kacal da mafi yawan mutanen ƙasar suka sani a rayuwarsu, tunda shi da mahaifinsa sun haɗa shekara 75 a kan mulki. Ga 'yan folo kuwa, an rasa mutumin da ya kasance cikin 'yan ƙasa na farko da suka riƙe sandar wasan, kuma shugaban ƙungiyarsu.

Filin folo na birnin Katsina yana ɗauke da sunansa, haka ma wata kwalejin nazarin Larabci da addinin Musulunci da wani babban titi a birnin.