Michael Faraday, Ɗan Maƙerin da ya Gano Asirin Janareto

Duk wanda ya taɓa hawan keke mai dainamo da dare ya sani in ya taka da ƙarfi fitila sai ta ƙara haske, in kuwa ya tsaya sai ta mutu. Yaran Tsafe da Bunguɗu sun san haka tun ba su shiga firamare ba, amma kaɗan ne za su iya faɗin dalili. Wanda ya fara gano dalilin wani Bature ne mutumin Ingila, sunansa Michael Faraday. Na zaɓi in ba da tarihinsa saboda 'yan'uwana ɗalibai masu burin shiga Kwalejin Fasaha ta Ƙauran Namoda, ko ta Abdu Gusau da ke Talatar Mafara, don su koyi aikin injiniya, ga shi kuwa da an kaɗa ƙararrawar darasin Fiziks sai ciwon kai ya kama su.

An haifi Faraday ran 22 ga Satumba, 1791, a wata unguwa da ke kudancin birnin Landan. Ubansa maƙeri ne, ba shi kuma da cikakkiyar lafiya, saboda haka gidan ya sha talauci ƙwarai. Ilmin da yaron ya samu bai wuce karatu da rubutu da ɗan lissafi ba. Yana da shekara 13 aka kai shi kantin wani mai sayar da littattafai, George Riebau, ya zama ɗan aike. Cikin 1805 maigidan ya ɗauke shi koyon ɗinkin littattafai da yi musu bango, har tsawon shekara 7.

To, a nan ne yaron ya nuna halinsa. Littafin da aka kawo a yi wa bango, shi ba ya barinsa ya fita sai ya leƙa cikinsa. Da haka ya ci karo da bayanin lantarki cikin wani babban kundin ilmi, da kuma wani littafin kimiyya da wata mata mai suna Jane Marcet ta rubuta. Bai tsaya ga karatu ba. Abin da littafi ya ce, sai ya nemi tsofaffin kwalabe da guntayen katako ya haɗa, ya gani da idonsa ko gaskiya ne.

Cikin 1812 wani mai ciniki a kantin ya ba shi tikitin sauraron laccar Humphry Davy, babban masanin kimiyya na Ingila a lokacin, a wata cibiyar bincike da ake kira Royal Institution. Lacca huɗu ya halarta. Ya rubuta abin da ya ji, ya zana kayan gwajin, ya ɗinke su littafi mai shafi wajen 300, ya aika wa Davy tare da roƙon aiki. Aka sallami wani ma'aikaci saboda faɗa, sai a watan Maris na 1813 aka ba Faraday gurbinsa, ana biyansa sule 25 a mako. Aikinsa wanke kwalabe da shirya kayan gwaji. A ƙarshen shekarar Davy ya tafi da shi yawon Faransa da Italiya har zuwa 1815, inda matar Davy ta mai da shi kamar bara. Ya haɗiye wannan wulakanci, don a tafiyar ya sadu da manyan masana na Turai.

Cikin 1820 wani masani ɗan ƙasar Danmak, Oersted, ya lura cewa in lantarki na bin waya, allurar kamfas da ke kusa da ita takan karkata. Watau lantarki na haifar da ƙarfin maganaɗisu. A shekara mai bi Faraday ya kafa maganaɗisu a tsakiyar kofi mai zaiba, ya rataya waya bakinta na taɓa zaibar, ya haɗa da batir, sai waya ta kama kewaya maganaɗisun ba tsayawa. Wannan ɗan abin wasa shi ne kakan fanka da famfon burtsatse da duk wani inji mai juyawa da lantarki.

Daga nan tambaya ɗaya ta tsaya masa a rai. Tun da lantarki na haifar da maganaɗisu, ashe maganaɗisu ba zai haifi lantarki ba? Ya gwada ya sake gwadawa, bai ga kome ba. An kuma ɗora masa aikin gyaran gilashin madubin hangen nesa, wanda ya ci masa shekaru ba wata riba mai yawa. Shekara goma ke nan cur kafin ya ci nasara.

Ran 29 ga Agusta, 1831, ya ɗauki wani zoben baƙin ƙarfe mai faɗin inci 6. Ya naɗa waya a gefe ɗaya, ya naɗa wata dabam a ɗaya gefen, ba su taɓa juna. Ta farko ya haɗa da batir, ta biyu kuwa ya kai ta kusa da allura mai nuna ko lantarki na wucewa. Da ya haɗa batir sai allura ta yi firgigit, ta koma ta kwanta. Batir na nan a haɗe, amma allura shiru. Da ya cire batir sai ta sake motsi, amma ta ɗaya wajen. Da wani ne da ya ce hannunsa ne ya girgiza tebur. Shi kuwa ya lura, ya rubuta, ya maimaita. Ran 17 ga Oktoba ya cusa sandar maganaɗisu cikin naɗaɗɗiyar waya, allura ta motsa, ya zare ta sake motsawa, ya bar sandar a ciki ba motsi, allura ma ba motsi. Ashe zaman maganaɗisu kusa da waya ba ya haifar da kome. Sauyawar ƙarfinsa ita ke tura lantarki, kuma gwargwadon saurin sauyin, gwargwadon ƙarfin turawar. Ga dalilin da fitilar keke ke mutuwa in an tsaya. Kafin watan ya ƙare ya juya faifan jan ƙarfe tsakanin bakunan wani babban maganaɗisu, ya sami lantarki mai gudana muddin faifan na juyawa. Janareto na farko ke nan.

Jama'a, mu dubi yadda abin ya iso ƙofar gidanmu. A madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gama cikin 1968, ruwan Kwara ne ke juya manyan maganaɗisai a tsakiyar naɗaɗɗun wayoyi. Janareton mai shagon aski a Gusau haka yake, sai dai shi fetur ke juya shi. Taransifomar unguwa kuwa zoben nan ne na Faraday ya girma. In naɗin waya ta biyu kashi ɗaya ne cikin goma na ta farko, ƙarfin turawar da zai fito shi ma kashi ɗaya ne cikin goma. Da haka ake saukar da bolt 11,000 zuwa abin da gidaje ke iya ɗauka. Wutar gidajenmu tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa ɗaya, shi ya sa taransifoma ke aiki da ita, amma ba ta aiki da batirin mota. Yaron mai gyaran fanka yana iya ƙirga naɗin da ya warware ya mayar daidai, amma ranar da aka kawo masa injin da bai taɓa gani ba, sai wanda ya san dalili ke iya ba da amsa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa game da shi, littafin gwajinsa ne. Kowane gwaji yakan sa masa lamba da kwanan wata, ya zana kayan aiki, ya rubuta abin da ya gani, har wanda bai yi nasara ba. Daga 1831 zuwa 1862 lambobin sun haura 16,000. Mu kuwa a ɗakin gwaji, in an ba mu zare da ɗan ƙarfe mu auna lilonsa, wasunmu sukan kwafi amsa daga littafi su gyara awon ya dace da ita. Ni ma na taɓa yi, malam kuma ya gane, domin awon nawa ya fi ƙarfin agogon da aka ba ni.

Akwai inda ya gaza, kada in ɓoye. Faraday bai iya lissafi mai zurfi ba. Yakan barbaɗa garin ƙarfe a kan takarda, ya sa maganaɗisu a ƙasa, ya ga garin ya jeru layi layi, da waɗannan layuka yake tunani. Masana da yawa ba su ɗauki layukan da muhimmanci ba sai da wani saurayi ɗan Sikotilan, James Clerk Maxwell, ya mai da su lissafi tun daga 1855. A kan lissafin nan aka tsaya har aka kai ga rediyo. Kada dai wani malalaci ya kafa hujja da Faraday ya guje wa aljabara. Shi talauci ya hana shi, mu kuwa ga malami ga allo.

Bai rufe kansa a ɗakin gwaji ba. Cikin 1836 ya gina wani akwati mai ƙafa 12, ya lulluɓe shi da waya da fallen ƙarfe, ya shiga ciki, aka ɗura wa bayansa lantarki har yana tartsatsi, bai ji kome ba. Saboda wannan ne wanda ke cikin mota mai jikin ƙarfe ya fi wanda ya fake gindin itace tsira daga tsawa. Ya yi kusan shekara 30 yana ba da shawara kan fitilun da ke nuna wa jiragen ruwa hanya. Cikin 1844, da ramin kwal na Haswell ya fashe ya kashe mutum 95, yana cikin waɗanda aka aika bincike, suka nuna ƙurar kwal ta ƙara wa wutar ƙarfi. Yakan kuma yi wa yara lacca lokacin Kirsimeti, da kyandir da sauran kayan gida.

An nemi ya shugabanci babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila, ya ƙi. Lokacin yaƙin Kirimiya an nemi ya taimaka a haɗa iska mai guba, nan ma ya ƙi. Da tsufa ya zo mantuwa ta dame shi ƙwarai, har ya bar bincike. Cikin 1858 Sarauniya Biktoriya ta ba shi gida a Hampton Court, shi da matarsa Sarah, wadda ya aura cikin 1821, Allah bai ba su haihuwa ba. A can ya rasu ran 25 ga Agusta, 1867, yana da shekara 75, aka binne shi a maƙabartar Highgate a Landan. Daga baya masana suka sa wa ma'aunin ajiyar lantarki suna farad, shi ne harafin F ɗin nan da ke jikin kwandensar fanka.