Sibawaihi: Ba'ajamen Da Ya Tsara Nahawun Larabci

Duk ɗalibin da ya yi nisa a karatun nahawu a makarantun zaure na ƙasar Hausa, ya wuce Ajurumiyya ya shiga Alfiyyar Ibn Malik, lalle zai riƙa jin wani suna a bakin malaminsa idan aka zo mas'ala mai wuya, watau Sibawaihi. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, wannan mutum da ake kafa hujja da shi a kan harshen Larabci ba Balarabe ba ne.

Sunansa na yanka Amru ɗan Usman ɗan Ƙanbar. An haife shi wajen shekarar 760 Miladiyya a garin Baida, kusa da Shiraz, a ƙasar Farisa. Sibawaihi laƙabi ne na Farisanci, wanda aka ce yana nufin ƙanshin tuffa. Tun yana yaro ya koma Basra, a Iraƙi, da niyyar karatun hadisi da fiƙihu.

Masu tarihi sun ruwaito cewa wata rana yana ɗaukar hadisi a gaban malaminsa Hammad ɗan Salama, sai aka zo kan sunan sahabin nan Abu Darda'i. A wannan gurbi ƙa'ida ta ce a karanta Aba, shi kuwa ya karanta Abu. Malamin ya tsayar da shi ya gyara masa a gaban jama'a. Kunyar da ya ji ta sa ya ƙudurta neman ilmin da ba wanda zai sake kama shi da kuskure a cikinsa, ya tafi ya lizimci Khalil ɗan Ahmad, mai ƙamusun Kitabul Aini, wanda ya fito da ilmin ma'aunin waƙa.

Mai karatu zai iya cewa wasali ɗaya bai kai a yi ta hayaniya a kansa ba. To, amma a Larabci wasalin ƙarshen kalma shi ke nuna wanda ya aikata da wanda aka aikata wa. A sauya rufu'a da fataha, sai wanda aka doka ya koma shi ya yi dukan. A zamanin nan kuwa Farisawa da sauran ƙabilu sun cika biranen Iraƙi, harshe ya fara cuɗanya, ga shi da wannan harshe ake karanta Alƙur'ani, ake yanke hukunci, ake rubuta wasiyya da takardun hukuma. Ma'aikacin da ya taɓa ganin takardar da aka buga babu ƙugiya, aka rasa ko kasa ake nufi ko ƙasa, zai gane irin damuwar malaman Basra.

Littafin da ya bari bai sa masa suna ba, bai kuma yi masa gabatarwa ba, shi ya sa ake kiransa Alkitab kawai, watau Littafin. Ya fara da kasa kalmomi gida uku: suna, da aikatau, da harafi. Ya bi ginin jimla, sa'an nan ginin kalma, ya ƙare da furuci, inda ya lissafta haruffan asali 29 da mafitarsu 16, tun daga ƙarshen maƙogwaro har zuwa leɓɓa. Ya kafa hujja da baitocin waƙa kimanin 1,050, ya kuma ambaci Khalil fiye da sau 500.

A nan ne tsantsenin nasa ya bambanta da na masu gyaran magana don nuna isa. Sibawaihi ba ya ƙaga doka ya ɗora wa mutane. Yakan saurari yadda Larabawan da aka amince da harshensu suke faɗa, ya ambaci wanda ya ji daga gare shi, sa'an nan ya nemi dalilin da ya sa suke faɗa haka. Har ma ya rarrabe zance: akwai madaidaici mai kyau, akwai madaidaici amma mummuna, akwai wanda gininsa daidai ne amma ƙarya ce, akwai kuma wanda ƙarshensa ke rushe farkonsa, kamar mutum ya ce ya dawo daga kasuwa jibi. A wurinsa, mai magana yana da haƙƙin mai sauraro a kansa, kuma sunayen da ya ba kuskure, irin su mummuna, sunaye ne na halin ɗan Adam.

Da sunansa ya fito, sai ya nufi Bagadaza a zamanin Halifa Haruna Rashid, ya sauka wajen waziri Yahaya ɗan Khalid Albarmaki. Aka shirya muƙabala tsakaninsa da Kisa'i, shugaban malaman nahawu na Kufa, ɗaya daga cikin masu ƙira'a bakwai, kuma malamin 'ya'yan halifa. Kisa'i ya kawo wata jimla game da mutumin da yake zaton harbin kunama ya fi na rina zafi, sai ya tarar duk ɗaya ne. Tambayar ita ce wane lamiri zai rufe jimlar, hiya ko iyyaha. Sibawaihi ya tsaya a kan hiya kaɗai. Kisa'i ya ce duka biyun sun halatta.

Aka kirawo Larabawan ƙauye da ke jira a bakin ƙofa su raba gardama, suka goyi bayan Kisa'i. Wasu ruwayoyi sun ce toshiya aka ba su, wasu sun ce sun dai san wanda ke da fada a wurin. An kuma ce Sibawaihi yana da ɗan nauyin baki, alƙalaminsa ya fi harshensa kaifi, wanda hakan ba ƙaramin cikas ba ne a gaban taro. Da ya so, da ya sassauta ya ce duka biyun sun yi, ya tsira da matsayinsa. Bai yi haka ba. Waziri ya sallame shi da dirhami 10,000, ya bar Bagadaza, bai koma Basra da zama ba, ya wuce Farisa. Can Allah Ya yi masa rasuwa wajen shekarar 180 Hijira, daidai da 796, bai wuce shekara 40 ba. Kabarin da ake danganta masa yana Shiraz.

Almajirinsa Akhfash ne ya riƙe littafin ya karantar da shi, kuma ta hannunsa ya yaɗu, har malamai suka riƙa kwatanta karanta shi da hawan teku. Daga wannan tushe aka gina littattafan nahawun da suka iso Afirka ta Yamma, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya tsara Bahrul Muhiɗ a fannin nahawu da Hisnur Rasin a fannin sarfu. Hartwig Derenbourg ya buga Alkitab a Faransa tsakanin 1881 da 1889, aka kuma buga shi a Bulaƙ, a Masar, kafin ƙarnin ya ƙare.

Su ma mutanen Kufa ba su iya rabuwa da shi ba. An ruwaito cewa Kisa'i ya biya Akhfash kuɗi ya karanta masa littafin a asirce, kuma da babban almajirinsa Farra'u ya rasu, an sami Alkitab a ƙarƙashin matashin kansa.