Labarin Shaihu Muhammadu Bakatsine, Masanin Hisabi da Aufaƙi

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanar da mutum ƙidayar shekaru da lissafi. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, wannan labarin wani malami ne na ƙasar Hausa wanda sunansa ya fi shahara a Masar bisa ga garinsu, watau Shaihu Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace, Bakatsine. A cikin littattafan Larabawa Alkashinawi ake ce masa.

Ana jingina shi ga Ɗan Ranko, wani gari na ƙasar Katsina. Ya taso ne a zamanin da Katsina ta cika da malamai da fatake, bayan su Ɗan Marina da Ɗan Masani sun riga sun kafa mata suna wajen ilmi. Ya yi karatu wurin shaihunai da dama. Cikinsu akwai Muhammadu Alwali na ƙasar Bagarmi, akwai kuma Shaihu Muhammadu Bindu, wanda ya buɗe masa ƙofar hisabi da ilmin haruffa da aufaƙi. Aufaƙi jam'in wafaƙi ne, shi ne abin da almajirai suka sani da sunan hatimi.

Da ya ƙoshi da abin da ke gida sai ya ɗauki sandar tafiya ya nufi gabas, bisa hanyar da alhazai ke bi a ƙasa, wadda ke cin watanni, wani lokaci shekaru. Ya sauke farali a shekara ta 1142 ta Hijira, daidai da 1730. Ya zauna a Hijaz yana karatu yana karantarwa, sa'an nan ya wuce Alƙahira ya sauka kusa da masallacin Azhar.

A cikin waɗannan shekaru ne ya wallafa littattafansa. Akwai Bahjatul Afaƙi, kan haruffa da aufaƙi, wanda ya gama a shekara ta 1145, wadda ta kama cikin 1732. Akwai Durrul Manzumi, kan taurari da asirai, wanda ya tsamo daga wani littafi da ake jingina wa Fahruddini Arrazi. Akwai Bulugul Arabi, kan nahawu. Akwai kuma waƙe kan manɗiƙi mai suna Minahul Ƙuddusi, tare da sharhinsa.

Ba a ɓoye ba, malamai sun yi saɓani kan sashen asirai na wannan fanni tun da daɗewa, har Ibnu Haldun ya soke shi a cikin Muƙaddima. Wannan hukunci yana hannun masu fiƙihu. Amma ƙarƙashin hatimi akwai lissafi tsantsa wanda babu jayayya a kansa, domin kowa na iya ɗaukar alƙalami ya gwada da kansa. Nan ne gwanintar Shaihu ta bayyana.

Ga hatimi mai gida tara, wanda babu tsangayar da ba a san shi ba daga Bebeji har Doguwa. Sahun sama 4, 9, 2. Sahun tsakiya 3, 5, 7. Sahun ƙasa 8, 1, 6. Ko an tara a kwance, ko a tsaye, ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za a samu. Kusurwoyinsa huɗu suna ɗauke da 2 da 4 da 6 da 8, waɗanda a lissafin abajada su ne ba da dal da wau da ha, don haka ake kiransa Buduhu.

Almajiri yakan haddace wannan hatimi kamar yadda ya gan shi a allon malaminsa. Amma in aka ce ya zana mai gida 25, ko mai gida 49, hadda ba za ta fisshe shi ba, sai ƙa'ida. Aikin Shaihu a cikin Bahjatul Afaƙi shi ne shimfiɗa hanyoyin gina hatimi wanda yawan sahunsa mara ne, watau uku ko biyar ko bakwai, har abin da ya yi sama.

Ga ɗaya daga tsofaffin hanyoyin masu wannan fanni. A sa 1 a gidan da ke ƙarƙashin gidan tsakiya. Daga nan kowane adadi ya sauka gida ɗaya ƙasa, ya gusa gida ɗaya dama. In ya fita ta ƙasa sai ya shigo ta sama, in ya fita ta dama sai ya shigo ta hagun. In ya tarar da gidan a cike, sai a koma kan adadin da aka rubuta na ƙarshe, a sauka gida biyu ƙasa sak, a sa shi nan, a ci gaba. Wanda ya bi wannan a gida tara, Buduhu zai fito masa daidai. Wanda ya bi shi a gida 25, zai ga 13 ya zauna a tsakiya, kowane sahu kuwa ya ba da 65. A gida 49, 25 ne a tsakiya, jimla 175. Jimlar sahu kullum ita ce adadin tsakiya sau yawan sahu: 5 sau 3, 13 sau 5, 25 sau 7.

Mai hankali ya lura da siffar wannan ƙa'ida. Tana da mafari sananne. Kowane taki a bayyane yake, babu mai bukatar a yi masa tawili. Ta tanadi abin da za a yi in an ci karo da cikas. Tana da wurin tsayawa. Yaron da bai san dalilinta ba, in ya bi ta da aminci, zai sami abin da shaihi ya samu. Irin wannan ƙa'ida ita masana ilmin kwamfuta suke kira algoridim, kuma ita ce ginshiƙin sana'arsu. Kalmar kanta daga sunan Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ta fito, malamin Bagadaza na zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya rubuta littafin Aljabru wal Muƙabala wajen shekara ta 820 ta Miladiyya. Babban sashe na wannan littafi kan wasiyya da rabon gado yake.

Malamin fara'ili ma da irin wannan yake aiki. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da uba da ɗa namiji ɗaya. Mata tana da sumuni, uwa sudusi, uba sudusi. Asalin mas'ala 24: mata 3, uwa 4, uba 4, ɗa ya ɗauki 13 da suka saura. Ko buhun masara 24 aka bari a Tudun Wada, ko shanu 240 a Kiru, hanyar ba ta sakewa.

Ginshiƙi na biyu shi ne tsayar da adadi a madadin harafi. Marubutan waƙoƙin ajami sun saba rufe waƙa da ramzi, su dunƙule shekara cikin kalma guda. A lissafin Magariba, wanda malaman ƙasar Hausa ke bi, shin 1000 ne, ƙaf 100, nun 50, dal 4. Kwamfuta ba ta san harafi ba sai ta wannan hanya. A tsarin ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963, babban harafin A adadinsa 65 ne. A tsarin Unicode, alif na Larabci 1575 ne. Duk saƙon da falke ya aika ta wayar hannu zuwa Kano, adadi ne ke tafiya, sai ya isa a mai da shi haruffa.

Ginshiƙi na uku manɗiƙi, wanda Shaihu ya yi wa waƙe: zance ko dai gaskiya ne ko ƙarya, kuma daga zance biyu ingantattu ake fitar da na uku. A 1854 wani Bature na Ingila, George Boole, ya mai da ƙa'idodin manɗiƙi lissafi, 1 ga gaskiya, 0 ga ƙarya. A 1937 Claude Shannon na Amurka ya nuna cewa makunnin lantarki, mai kunnuwa da mutuwa, yana iya ɗaukar wannan lissafi. Ba daga littafin Shaihu suka ɗauka ba, kowa da hanyar da ya biyo. Amma rijiyar da suka sha ɗaya ce.

A Alƙahira Shaihu ya sauka gidan Shaihu Hasan Aljabarti, babban masanin falaki da hisabi na Masar, wanda ya karɓi ilmin aufaƙi daga gare shi. A gidan nan ajali ya same shi a shekara ta 1154, daidai da 1741, watau shin da ƙaf da nun da dal a ramzi. Ya bar wa mai masaukinsa wasiyyar littattafansa, aka binne shi a maƙabartar malamai ta Alƙahira. Ɗan mai gidan, Abdurrahman Aljabarti, wanda aka haifa bayan rasuwar Shaihu, shi ya rubuta tarihinsa cikin littafin Aja'ibul Asari. Ba domin wannan ba, da yawancin labarinsa ya ɓace. A 1967 Malam Hassan Ibrahim Gwarzo ya buga nazari a kan aikinsa a Ibadan, kuma akwai kofen Bahjatul Afaƙi na rubutun hannu a Landan.

Abin tsoro shi ne zane ya saura, ƙa'ida ta tafi. Hatimin da aka kwafa daga kwafi, in adadi ɗaya ya goce, mai hadda ba zai gane ba, sai ya gadar wa almajiransa kuskuren. Mai ƙa'ida kuwa yana tara sahu ya ga inda ɓarna take. Haka ga rabon gado, haka ga littafin bashin ɗan kasuwa. Malamin da ya zaunar da almajiransa ya koya musu jimla da ɗebewa da bugawa da rabawa, sa'an nan ya nuna musu dalilin kowane taki, bai fita daga turbar magabata ba, turbar Bakatsinen nan ya bi.

Allah Ya jiƙan Shaihu Muhammadu, Ya haskaka kabarinsa, Ya amfanar da masu neman ilmi da abin da ya bari. Amin.