Jean Rouch: Bafaranshen da ya ɗauki fim ɗin 'yan Hauka, ajalinsa ya riske shi a hanyar Tahoua

A daren 18 ga watan Fabrairun 2004, wata mota da ta taso daga Yamai ta yi karo da babbar mota kusa da Birnin Ƙonni, a jihar Tahoua. Hatsarin ya yi ajalin wani dattijo Bafaranshe mai shekara 86, Jean Rouch. Matarsa da abokansa biyu 'yan Nijar, Damouré Zika da Moustapha Alassane, sun tsira. A Yamai aka binne shi.

Rouch ya bar finafinai fiye da 100, amma wanda har yau ake ce-ce-ku-ce a kansa gajere ne, ɗan kimanin rabin awa, kan 'yan ci-ranin Nijar masu bori a Ankara, babban birnin Gana.

Daga aikin hanya zuwa kyamara

An haife shi a Paris ranar 31 ga Mayun 1917. Injiniyan hanyoyi da gadoji ne, kuma wannan aikin ne ya kawo shi Nijar a 1941. A 1942 tsawa ta faɗa wa leburorinsa ta kashe goma. Damouré Zika, wani matashi masunci da ke aiki tare da shi, ya kai shi wajen kakarsa Kalia, wadda ta jagoranci bikin neman sulhu da Dongo, iskan da Zabarmawa ke danganta wa tsawa. Abin da ya gani ranar shi ya karkatar da shi daga kwalta da siminti zuwa nazarin al'adu.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1946, ya dawo da abokai biyu, Jean Sauvy da Pierre Ponty, suka bi kogin Kwara cikin kwalekwale tun daga mafarinsa har teku. Ya zo da tsohuwar kyamara da ya saya a kasuwar gwanjo. A hanya ya rasa ƙafafun da ake ɗora ta a kai, dole ya koma riƙe ta a hannu. Rashin kuɗi da rashin kayan aiki suka zama salonsa: mutum ɗaya, kyamara ɗaya da ake murɗa wa waga, wadda ba ta wuce daƙiƙa ashirin da 'yan kai sai an sake murɗawa.

Kasuwar tsoro

A lokacin Turawa sun riga sun saba da wani irin fim kan addinan baƙar fata. A 1932 wasu 'yan'uwa biyu a Amurka, Victor da Edward Halperin, sun shirya White Zombie da ɗan kuɗi kaɗan. Fim ne na ban tsoro da ya nuna Haiti a matsayin ƙasar matsafa masu tayar da gawa su sa ta bauta, a daidai lokacin da sojojin Amurka ke mamaye da ƙasar. Daga nan addinin Vudu, wanda tushensa ke ƙasar Benin ta yanzu da maƙwabtanta, ya zama hajar masu neman riba da arha.

Fim ɗin Rouch na farko ma bai tsira ba. Kamfanin da ya sayi hotunan tafiyar kogin ya sake jera su, ya ɗora kiɗa da sharhi mai zuzuta abu, ya sa masa suna Au pays des mages noirs, wato a ƙasar baƙaƙen matsafa. Rouch ya ji zafin hakan, ya kuma gane cewa mai yanka fim da mai yin sharhi su ne ke da wuƙa da nama.

Su wane ne 'yan Hauka?

Kusan 1925, a yankin Filingué, wasu sababbin iskoki suka bayyana a fagen bori. A ƙasar Arewa ana kiransu Babule, Zabarmawa kuma suka ce musu Hauka. Wanda suka hau yakan yi fareti, ya sara, ya ba da oda kamar gwamna ko janar ko kofur. Hukumomin mulkin mallakar Faransa sun ɗauki abin a matsayin tawaye, suka kama mabiyan suka ɗaure. Da yawa daga cikinsu suka bi ayarin masu zuwa ci-rani ƙasar Gana, wadda a lokacin ke hannun Ingila.

A can Rouch ya same su a 1954, 'yan dako da leburori da masu ƙananan sana'o'i. Shugabanninsu ne da kansu suka gayyace shi ya ɗauki bikinsu na shekara. Fim ɗin, Les Maîtres fous, wato mahaukatan iyayengiji, ya nuna mutane suna kumfar baki, suna kara wuta a jiki, suna yanka kare su ci. A ƙarshe ya nuna su washegari, kowa a bakin aikinsa, lafiya lau, suna murmushi.

Fim ɗin da ya ɓata wa kowa rai

Da aka fara nuna shi a Paris, malaminsa Marcel Griaule ya nemi a lalata shi. Ɗaliban Afirka da ke wurin sun fusata, suna ganin zai ƙara wa masu wariyar launin fata hujja. Ingila ta haramta shi a ƙasashen da take mulka, domin gwamnanta ne ake kwaikwayo. Duk da haka ya ci kyauta a bikin finafinai na Venice a 1957.

Rouch ya dage cewa haukan da ke cikin fim ɗin na mulkin mallaka ne, 'yan Hauka madubi kawai suka ɗaga masa. Masu suka kuwa sun ce hoto ya fi sharhi ƙarfi, mai kallo zai manta bayani ya tuna kumfa da jini. Ousmane Sembène na Senegal ya taɓa zarginsa ido da ido da kallon 'yan Afirka kamar ƙwari.

Abin da ya bari

Bayan wannan taƙaddama, Rouch ya ƙara buɗe wa waɗanda yake ɗauka ƙofa su faɗi labarinsu da bakinsu. A Moi, un Noir na 1958, Oumarou Ganda, tsohon soja mai dako a Abijan, shi ya ba da labarin rayuwarsa. A Jaguar, Damouré Zika da abokansa biyu suka yi sharhin tafiyarsu ta ci-rani zuwa Gana. Hanya ce irin wadda har yau samarin Madaoua da Bouza da Keita ke bi bayan girbi zuwa biranen gaɓar teku.

Ganda ya zama mai shirya fim, kuma shi ya fara cin babbar kyautar FESPACO a 1972. Alassane, wanda Rouch ya ƙarfafa wa gwiwa tun yana matashi, ya zama jagoran finafinan zane a Nijar, ya kuma zauna a Tahoua shekaru da dama.

Yau kyamarar da ke aljihun kowane saurayi ta fi ta Rouch nesa ba kusa ba, kuma finafinan bokaye da aljanu na kasuwa daga Kano har Legas. Tambayar da aka yi masa shekara 70 da suka wuce ita ce ke gaban masu shirya su yanzu: mutanen da ke cikin hoton, an ba su baki su yi magana, ko tsoronsu kawai aka sayar?