Marigayi Malam Aminu Kano Da Takardun Da Ya Bari

A wannan fitowa filinmu na tarihin magabata zai waiwayi marigayi Malam Aminu Kano, shugaban jam'iyyar NEPU da ta PRP, wanda kuma ya riƙe muƙamin Kwamishinan Tarayya, wato minista, a zamanin Janar Yakubu Gowon. Labarinsa dai ba baƙo ba ne a kunnen kowa, balle dattawanmu da suka taso daga ƙasar Kano da Katsina da Zazzau. Sai dai akwai ɓangaren da ba a cika tsayawa a kansa ba, wato yadda bawan Allahn nan ya riƙi alƙalami da takarda tun yana saurayi har ya koma ga Mahaliccinsa, da yadda takardun nan suka zama mafi amfani a cikin abin da ya bari. A nan ne muke ganin akwai darasi gare mu.

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano ran 9 ga watan Agusta, 1920. Mahaifinsa Malam Yusufu malami ne, mufti a kotun Alƙalin Kano, daga zuriyar Fulani Gyanawa waɗanda aka sani da ilmin shari'a. Mahaifiyarsa Rakiya ita ma mai karatu ce, kuma a gida ya fara karatun Alƙur'ani. Ke nan a cikin tawada da littattafai ya buɗe ido. Daga nan aka sa shi makarantar elementare ta Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, sannan Kwalejin Kaduna, inda ya gama a 1942 da takardar shaidar malanta.

Tun yana ɗalibi ya fara rubuta wasannin kwaikwayo da Hausa, yana tona asirin zalunci da almundahana ta hanyar ban dariya. Akwai ɗaya da ya shafe mu 'yan kasuwa kai tsaye, mai suna Kai Wane Ne A Kasuwar Kano Da Ba Za A Cuce Ka Ba. Ya kuma rubuta wata 'yar ƙasida da Turanci yana sukar yadda En'e ta Kano take gallaza wa talakawa. A zamanin da ko ɗaga ido a kalli hakimi laifi ne, yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya zauna ya rubuta irin wannan, ai ka san ba ƙaramar zuciya ba ce.

Aikinsa na farko koyarwa ce a Midil ta Bauchi. A can ya zauna tare da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da kuma Malam Sa'adu Zungur wanda ya zama amininsa kuma jagoransa a harkar siyasa. Tare suka riƙa shirya zaman muhawara a kan al'amuran mulki, har aka kafa ƙungiyar ci gaban Bauchi a 1943, wadda masana tarihi ke lissafawa cikin ƙungiyoyin siyasa na farko a Arewa. A 1946 aka tura shi Jami'ar Landan ƙaro ilmin koyarwa. Da ya dawo ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948, aka kuma mayar da shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru a lardin Sakkwato. A watan Nuwamba na 1950 ya ajiye aikin gwamnati. Bai tafi shiru ba, sai da ya rubuta dalilansa aka buga a jaridar Comet ta Kano, don kada gobe wani ya ce korarsa aka yi ko wani abu ya ɗauka.

A lokacin an riga an kafa NEPU, Jam'iyyar Neman Sawaba, a Kano ran 8 ga Agusta, 1950. Mutum takwas ne suka kafa ta, kuma Malam ba ya cikinsu, domin yana aikin gwamnati a Maru. Wannan ma takarda ce ta tabbatar da shi, don in ka bi ta bakin jama'a sai ka ji ana cewa shi kaɗai ya kafa ta. A 1953 ne ya zama shugabanta. Ƙarfin jam'iyyar nan kuwa yana wajen ƙananan 'yan kasuwa da teloli da mahauta da dukawa da malaman zaure, wato irinmu. Abin da take nema shi ne a daina aikin tilas, a gyara kotunan alƙalai, a rage ikon En'e, a bar talaka ya zaɓi wakilinsa da hannunsa, mace ma a ba ta ƙuri'a. Wannan na ƙarshe bai samu a Arewa ba sai a 1976.

Wuyar da 'yan NEPU suka sha ba ta faɗuwa. An ɗaure, an yi bulala, an kori wasu daga garuruwansu, an ƙwace wa wasu rumfunan kasuwa. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga kurkuku ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A zaɓen 1951 jam'iyyar ta yi rinjaye a matakin farko a birnin Kano, amma da yake zaɓen hawa-hawa ne, kuma En'e tana da ikon cusa mutanenta a matakin ƙarshe, ko kujera ɗaya ba ta samu ba. To, makamin Malam a wannan hali shi ne rubutu. In an kama ɗan jam'iyya a wani ƙauye, a rubuta sunansa da ranar da abin ya faru da hukuncin da aka yanke, a aika ƙara ga Razdan ko Gwamna a Kaduna, a kai wa jarida. Da aka je tarurrukan tsarin mulki a Landan a shekarun 1950, a rubuce NEPU ta gabatar da buƙatunta. Su ma Turawan mulki da 'yan sandan ciki suna can suna rubuta nasu rahoto a kansa. Da yawan waɗannan fayiloli suna nan a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, kuma da ana son a ɓoye abin da ya faru, su ne suka hana.

Mu da muka yi karatu a Islamiyya akwai bashinsa a kanmu. Yana cikin na farko-farkon da suka buɗe makarantar Islamiyya mai aji da allon bango a Kano a farkon shekarun 1950, ana koya wa yara maza da mata Alƙur'ani da Larabci da fiƙihu cikin tsari. An yi masa ca a lokacin, amma yau ga shi babu garin da za ka shiga ba ka tarar da Islamiyya ba, har nan Zugurma. Haka kuma ya shahara da tafsiri a watan azumi.

A zaɓen 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai ta Tarayya a Ikko. Da yake NEPU tana ƙawance da NCNC, ita kuma NCNC ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC, sai ya zama mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati, ya kuma shiga cikin wakilan Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya. A can Amurka ya saba da wani likitan haƙori mai suna Alan Feinstein, wanda daga baya ya zo Nijeriya ya yi ta hira da shi da mutanensa, ya fitar da littafin tarihinsa a 1973. Malam ya rasa kujerarsa a zaɓen 1964, sojoji kuma suka rushe jam'iyyu duka a 1966. A 1967 Janar Gowon ya naɗa shi Kwamishinan Sadarwa na Tarayya, a 1971 aka mayar da shi ma'aikatar lafiya, ya riƙe ta har 1974. Shekara bakwai ke nan yana kan kujerar da wasu ke gina benaye da ita, a lokacin yaƙin basasa da farkon kuɗin man fetur, ya sauka ya koma gidansa na Gwammaja yadda ya fito. Duk da hidimar ofis bai ajiye alƙalami ba, don a 1973 aka buga littafin da ya rubuta a kan rayuwar amininsa Sa'adu Zungur, wanda ya rasu tun 1958.

Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978, da farko ya zauna da mutanen da suka kafa NPN, ba su daidaita ba, ya fita ya jagoranci PRP mai alamar mabuɗi. Ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979 bayan an kai ruwa rana a kan takardunsa na biyan haraji, har sai da kotu ta wanke shi. Dubi nan ma, takarda ce ta so ta hana shi, takarda ce kuma ta fisshe shi. Ya sami ƙuri'a sama da miliyan 1 da dubu 700, jam'iyyarsa ta ci gwamnan Kano da Alhaji Abubakar Rimi, ta ci na Kaduna da Alhaji Balarabe Musa, gwamnonin biyu kuma suka soke haraji da jangali. Amma daɗin bai daɗe ba. Jam'iyya ta rabe biyu, 'yan Taɓo suna tare da Malam, 'yan Santsi suna tare da gwamnoni, kowane ɓangare yana zargin ɗan uwansa da sauka daga aƙida. Ana cikin shirin zaɓen 1983 Allah Ya karɓi ransa ran Lahadi 17 ga Afrilu, yana da shekara 62. An binne shi a cikin gidansa.

Abin duniya kam bai bar na a zo a gani ba. Gidan nan na Gwammaja shi ne yau ake kira Gidan Mambayya, da laƙabin mahaifiyarsa, kuma tun shekarar 2000 yana ƙarƙashin Jami'ar Bayero a matsayin cibiyar bincike da horo kan dimokuraɗiyya. An adana ɗakinsa da littattafansa da takardunsa da hotuna da kayan amfaninsa, ana kuma shirya lacca duk shekara don tunawa da shi. Wani malamin tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Alƙasum Abba, ya tattara takardun gwagwarmayarsa na tsakanin 1950 da 1960 ya fitar da su a littafi a 1993. An sa sunan Malam a filin jirgin saman Kano da babban asibitin koyarwa, amma suna a jikin gini ba ya gaya maka abin da mutum ya tsaya a kai. Tun ranar da ya rasu 'yan siyasa ke rububin cewa su ne magadansa, har da waɗanda ko inuwa ɗaya ba su sha da shi ba. Mai son ya tantance gaskiya yana da inda zai je ya karanta da idonsa, ya ga inda Malam ya yi daidai, ya ga kuma inda abokan tafiyarsa suka saɓa masa da hujjarsu.

To 'yan uwa, mu juyo gida. Mu 'yan kasuwa mun san bashin da ba a rubuta ba rabinsa ya tafi, kuma aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Iyayenmu da kakanninmu sun zo ƙasar nan ta Kwantagora da fatauci da noma da almajirci, masu ƙasa suka karɓe su hannu biyu, suka ba su wurin zama da gona. Wa ya zo da farko? Wa ya ba shi fili, a gaban waɗanne shaidu? Wace shekara aka gina masallaci, aka buɗe Islamiyya? Da yawan amsoshin nan suna cikin kan dattawa ne kawai, dattawan kuwa kullum raguwa suke yi. Wasu amsoshin suna cikin tsofaffin adaka, a wasiƙun ajami da rasiɗan haraji da takardun cinikin gona da katin jam'iyya, gara da ɗanshin damina suna ci. Sau nawa ake rasuwa, a raba tufafi da kwanoni, takardu kuma a zuba wa mai ƙosai ta naɗe kaya da su? Ran da rigimar iyaka ko ta gado ta taso, sai a rasa abin nunawa, zumuncin shekara da shekaru da maƙwabta ya lalace a kan abin da 'yar takarda guda za ta kashe.

Shawararmu ga shugabannin ƙungiya ita ce a samu akwatin ƙarfe mai makulli, a ɗora shi a kan benci nesa da ƙasa da bango, a damƙa shi hannun mutum biyu amintattu. Duk mai tsohuwar takarda ya kawo a yi kwafi, a ɗauki hotonta da waya, a mayar masa da abarsa. Littafin da sakatare ke rubuta bayanin taro, in ya cika a sa shi ciki, kada ya kwana a gidan wani. Samarinmu masu boko da masu ajami su zauna da dattawa su ɗauki maganarsu, su rubuta da suna da kwanan wata. Wannan aiki ba ya cin kuɗi mai yawa, himma kawai yake so, kuma gara a fara shi tun masu ba da labarin suna raye.

Allah Ya jiƙan Malam Aminu Kano, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya. Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa albarka a kasuwanninmu da gonakinmu, amin.