Labarin Ida Scudder, Mai Taimakon Mata a Kan Gwiwa

Ya kai mai karatu, ko a Birnin Kebbi kake ko a Argungu, ka san irin gidan da mace takan kwana biyu a kan gwiwa, maza kuwa suna zaure, ba mai cewa a kai ta asibiti. To, ga labarin wata baiwar Allah wadda irin wannan abu ya juya ranta.

An haifi Ida Scudder a ƙasar Indiya a shekara ta 1870. Ubanta mutumin Amurka ne, likita, mai bishara kuma. Ita kuwa ba ta son aikin ko kaɗan, gama tun tana yarinya ta ga yunwa da cuta har sun gundure ta. Ta tafi Amurka karatu, amma a 1890 ta komo domin jinyar uwarta.

Ana nan, a dare ɗaya mutum uku suka zo ƙofarsu bi da bi, biyu Hindu, ɗaya Musulmi. Kowannensu matarsa tana fama da naƙuda, kowa kuma ya roƙi Ida ta zo. Ita ba ta san magani ba, sai ta ce ubanta zai tafi. Dukansu suka ƙi, wai namiji ba ya shiga wurin matansu. Da gari ya waye aka gaya mata matan nan uku duk sun rasu. Kada ka yi saurin zagin mazan nan. Ba ƙin matansu suke yi ba, al'ada ce ta ɗaure su, yadda kunya takan ɗaure namu.

Ida ta yi addu'a, ta ba da kanta ga Almasihu domin wannan aiki. Ta gama koyon likitanci a 1899, ta sauka a garin Vellore a 1900, ta buɗe asibitin mata a 1902. Da ta ga hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ta soma koya wa 'yan matan ƙasar aikin jinya a 1909, sa'an nan ta kafa makarantar likitoci mata a 1918.

Aikin mai jinya a ɗakin haihuwa ba ƙarami ba ne. Takan wanke hannu da sabulu, ta yanke cibiya da abin da aka tafasa. Ba ta barin naƙuda ta wuce yini da kwana, gama daga nan yoyon fitsari yake fitowa. Bayan mabiyiya ta faɗi takan zauna tana duban jini, ta sa jariri ya sha dakashi, ta lura da zazzaɓin mai jego har a yi suna. 'Yarka ma tana iya koyon wannan, in ka bar ta ta yi makaranta.

Ida ba ta yi aure ba. Ta rasu a Indiya a 1960, tana da shekara 89, asibitinta kuwa yana nan a Vellore har wa yau.